Zoɓo, kanwa da sirinji: yadda wani ajin SS 2 ya yi da darasin taitireshan

Ajin da wannan bayani ya shafa na SS 2 ne, ɓangaren kimiyya, a wata makarantar 'yan mata ta gwamnati, ta jeka-ka-dawo, inda nake koyar da Kemistiri. Ɗalibai sun haura saba'in, uku-uku a benci, wani bencin huɗu. Muna da ɗakin gwaje-gwaje, amma biyuret (dogon bututun gilashi mai alamomin awo da famfo a ƙasa) masu lafiya da ke cikinsa ba su kai goma ba, kuma a kulle suke cikin kabad. Ba rowa ce ta sa ake kulle su ba. In suka fashe a watan Janairu, babu mai tabbacin za a sayo wasu kafin lokacin WAEC da NECO, sai 'yan SS 3 su shiga jarrabawa hannu rabbana. Sakamakon haka yarinya takan yi shekara biyu tana karanta Kemistiri ba ta taɓa murɗa famfon biyuret ba, sai ana saura 'yan makonni a shiga jarrabawa.

A takarda ta uku ta Kemistirin WAEC, wato firaktikal, tambaya guda sukutum ta taitireshan ce, wato auna yawan asid ɗin da zai kashe bes, kishiyar asid: a zuba asid a biyuret, a ɗebi bes da fifet (siririn bututun gilashi na awo) mai cin cm³ 25 ko 20, a ɗiga indiketa (ruwan da launinsa ke nuna asid ko bes), a saki asid har launi ya juya, sannan a yi lissafi. Akwai tambayar gano sinadarai, akwai kuma ta uku mai ƙananan tambayoyi kan sanin makamar aiki. Wannan ta ukun ce ke tona asirin wanda ya haddace bai fahimta ba.

Ɗalibaina ba su da matsalar hadda. Ma'anar asid, ma'anar bes, launin litmus, duk suna zubo su da Turanci babu gargada. Ƙa'idar lissafin taitireshan, CaVa/CbVb = na/nb, kuwa ko cikin barci aka tashe su za su rubuta ta. Sai na ba su tambaya guda a ƙaramar takarda, ba ta maki ba: ɗaliba ta auna bes da fifet ta zuba a fulas, wato kwalbar gilashin da ake haɗa asid da bes a ciki, sai ta ƙara ruwa tsantsa a kai kafin ta fara sakin asid. Asid ɗin da za ta buƙata zai ragu, zai ƙaru, ko yana nan yadda yake? Mafi yawansu suka ce zai ragu, har da waɗanda ke zuwa na ɗaya zuwa na biyar. Hujjarsu ɗaya ce: an tsinka bes ɗin, ƙarfinsa ya ragu, don haka asid kaɗan zai ishe shi.

Amsar ba daidai ba ce, amma ba ta wauta ba ce. Yarinyar da ta ba da ita ta yi tunani, kawai dai a kanta abu biyu sun zama ɗaya: kaurin sinadari a cikin ruwa, da adadin sinadarin da ke cikin fulas ɗin gaba ɗaya. Wanda kuwa bai raba waɗannan biyun ba, lissafin mol, wato ma'aunin adadin ƙwayoyin sinadari, zai zame masa cusa lambobi a gurabe. Ranar da mai tsara tambaya ya ɗan karkata ta, shi ke nan.

Darasin farko: launi

Na nemi darasi mai lokaci biyu a jere, shugabar makaranta ta amince bayan na ce mata, "Ranki ya daɗe, ba za mu taɓa kabad ɗin ba." Na ce wa ɗalibai kowane rukuni ya zo da abin da yake zaton asid ne ko bes daga gida: lemun tsami, tsamiya, nono, kanwa, toka, sabulu, gishiri, sukari. Na hana ruwan batir da sodar yin sabulu, hani mai ƙarfi. Ni kuma na jiƙa busasshen zoɓo a ruwan zafi na tace, ba sukari, ba citta, ba kanumfari.

Jan da ke jikin zoɓo wasu sinadarai ne da ake kira antosayanin, kuma siffar ƙwayarsu tana sauyawa gwargwadon yawan H⁺ (ƙwayoyin da asid ke saki a cikin ruwa) da ke kewaye da ita. A cikin asid ja ne zur. In tsami ya ragu sai ya dusashe ya koma shuni-shuni, a cikin bes kuma ya yi kore mai duhu, in ya jima ya rine zuwa ruwan ƙasa. Ba sabon abu ba ne a tarihin Kemistiri. Tun a shekarun 1660 Robert Boyle a Ingila yake gwada asid da ruwan furanni, kuma litmus ɗin da muke saye a kwali shi ma daga wani tsiro ake samo shi. Mu da zoɓo ke fita daga Jigawa buhu-buhu har ƙasar Meziko, ai bai kamata mu rasa indiketa a aji ba.

Doka ɗaya na kafa: babu rukunin da zai ɗiga zoɓo a kofi sai kowace ɗaliba ta rubuta launin da take tsammani da dalilinta. Wannan tsari na hasashe, sannan kallo, sannan bayani, Richard White da Richard Gunstone na Jami'ar Monash a Ostireliya ne suka yaɗa shi a 1992. Amfaninsa a aji mai mutum saba'in shi ne kowa ya ɗaure kansa da magana kafin ya ga sakamako. In ba haka ba, launi na juyawa kowa zai ce dama ya sani.

Nan take aka ga cewa yaran sun zo da ilimi daga gida. Wata da ba ta cika magana ba ta ɗaga hannu ta ce, "Malama, kanwa za ta kashe jan. In Innarmu ta sa kanwa a yakuwa tsamin mutuwa yake yi, launin ma ya canza." Ban taɓa jin muryarta a darasin Kemistiri ba sai ranar. Abin da littafi ke kira haɗuwar asid da bes, ita ta sha ganinsa a tukunya, ba wanda ya taɓa gaya mata abu ɗaya ne. Kanwa dai yawancinta kabonet da baikabonet ne na sodiyam, shi ya sa da aka zuba ruwanta a kan jiƙon tsamiya ya yi kumfa, iskar CO₂ na fita. Ruwan toka shi ma ya ba da kore, nono ya bar zoɓo a jansa, gishiri da sukari ba su yi masa wani abin kirki ba.

Wani rukuni ya zo da bilic na wanki, wanda ban lissafa shi cikin abin da na hana ba. Da suka ɗiga zoɓo sai launin ya ɓace ɗungurungum. Suka rubuta "ba asid ba, ba bes ba". Na sa suka ƙara lemun tsami a kofin kanwa, jan ya dawo. Na ce musu na bilic ba zai dawo ba, kuma ba za mu gwada ba. Bilic ba juya ƙwayar launin yake yi ba, lalata ta yake yi. In kuma aka haɗa shi da asid, iskar kulorin ce ke tashi, mai shaƙe numfashi. Na ɗan tsaya a kan wannan, domin akwai gidajen da ake haɗa bilic da ruwan wanke banɗaki don a ƙara masa ƙarfi. Aka fitar da kofin waje.

Darasin ya yi armashi, har 'yan wasu azuzuwa suna leƙowa ta taga. Baba mai kula da ɗakin gwaje-gwaje ya ce rabon da ya ga ajin kimiyya da rai haka ya manta. Amma da na sake ba da tambayar ƙarin ruwa a ƙarshen makon, amsoshin suna nan inda suke.

Wannan shi ne abin da nake so malamai 'yan'uwana su duba da kyau. Ƙungiyar malaman kimiyya ta Najeriya, STAN, wadda aka kafa tun 1957, ta daɗe tana kira a yi amfani da kayan da ke kusa, kuma kiran daidai ne. Sai dai sau da yawa abin a kallo yake ƙarewa: launi ya juya, yara sun yi tafi, an ɗauki hoto, an koma hadda. Alex Johnstone na Jami'ar Glasgow ya yi bayanin dalilin tun a farkon shekarun 1980. A ganinsa Kemistiri hawa uku ne. Akwai abin da ido ke gani, kamar launi da kumfa. Akwai ƙwayoyin da ido ba ya gani. Akwai kuma alamomi da lissafi. Malami yana tsalle tsakanin ukun cikin jimla ɗaya bai ma lura ba, ɗalibi kuwa a ɗaya yake maƙale. Ɗalibaina suna da alamomi tun da can, zoɓo ya ba su abin gani, amma hawan tsakiya babu kowa a cikinsa. Tambayar ƙarin ruwa kuwa a can take zaune.

Darasi na biyu: awo

Lemun tsami da kanwa ba su dace da awo ba. Ba a san kaurinsu ba, kuma launi a hankali yake juyawa, sai gardama. Don haka na haɗa ruwan sodiyam kabonet na gaske, giram 5.3 a lita ɗaya, wanda ya ba da 0.05 mol/dm³, da asid HCl mai kaurin 0.10 mol/dm³. Maimakon biyuret da fifet, kowane rukuni ya samu sirinji biyu sababbi masu cc 10, wato cm³ 10, ba allura, da kofunan roba masu haske, da farar takarda ta shimfiɗawa a ƙarƙashi. Sirinji ɗaya na asid, ɗaya na bes, an yi musu alama da biro kada a gauraya.

Ƙanƙanta awo yana da riba. Da fifet mai cm³ 25, lita ɗaya gwaji 40 take yi. Da cm³ 5 a sirinji, gwaji 200. Dabarar ƙananan kayan gwaji ba tawa ba ce. John Bradley da cibiyar RADMASTE a Jami'ar Witwatersrand ta Afirka ta Kudu sun yi aiki a kanta tun shekarun 1990, UNESCO ta taimaka wajen kai ta ƙasashe da dama. Ni dai abin da kyamis ɗin unguwa ke sayarwa na samu.

Aikin kofi biyu ne. Kofi na ɗaya: cm³ 5 na kabonet, ɗigo uku na zoɓo. Kofi na biyu: cm³ 5 na kabonet, ɗigo uku na zoɓo, da ƙarin cm³ 10 na ruwa tsantsa. A saki asid ɗigo-ɗigo ana girgizawa, a tsaya a ja na farko da bai gushe ba. Kafin a fara, kowa ta rubuta hasashenta. Mafi yawa suka sake cewa kofi na biyu zai ci asid kaɗan, wasu ma suka yi lissafi suka ce kashi ɗaya cikin uku.

Na zana jadawali a allo, kowane rukuni ya zo ya rubuta nasa. Lambobin ba su zo cif-cif ba, sirinji ba biyuret ba ne, amma duk suna kusa da cm³ 5, ƙasa da shi kaɗan, kuma kofi na ɗaya da na biyu kusan kai ɗaya suke a kowane layi. Aji ya yi tsit, sannan surutu ya ɓarke. Wani rukuni ya ce sirinjinsu ne ya lalace, suka karɓi na maƙwabta suka sake, abin bai canza ba.

Rukuni ɗaya ne ya fita daban, asid ɗinsu ya yi ƙasa sosai a kofunan biyu. Da na tambaya, ashe ɗigo uku bai yi musu ja yadda suke so ba, sai suka tuttula zoɓo. Na mayar wa aji tambayar: me ya sa yawan indiketa ya rage asid ɗin da aka buƙata? Na yi shiru na jira. Mary Budd Rowe ta gano a Amurka, a farkon shekarun 1970, cewa malamai kan jira kamar daƙiƙa ɗaya kacal bayan sun yi tambaya, kuma in aka kai daƙiƙa uku ko fiye amsoshi kan yi tsawo, masu amsawa su ƙaru. Daƙiƙa uku a gaban mutum saba'in tana da nisa, ka ji kamar ka amsa da kanka ka huta. Can sai wata ta ce, "Malama, ai zoɓon ma da tsaminsa." Haka ne. Zoɓo asid ne shi kansa, ya riga ya cinye wani ɓangare na kabonet ɗin tun asid ɗin sirinji bai sauka ba. Wannan ne ma ya sa lambobin kowa suka gaza cm³ 5 kaɗan. Daga nan ba wadda ta sake tambayar dalilin da ya sa ake cewa ɗigo biyu ko uku na indiketa kawai, domin methyl orange da phenolphthalein ɗin da za su tarar a jarrabawa su ma sinadarai ne masu shiga cikin haɗin, ba 'yan kallo ba.

Saura babbar tambaya: don me ƙarin ruwa bai canza komai ba? Ban ba su amsa ba. Na raba wa kowane rukuni ƙwallon dabino goma da wake cikin hannu. Ƙwallo ɗaya shi ne CO₃²⁻ ɗaya, wato ƙwayar kabonet, ƙwayar wake ɗaya ita ce H⁺ ɗaya. Na rubuta a allo:

Na₂CO₃ + 2HCl → 2NaCl + H₂O + CO₂

Kowane ƙwallo wake biyu yake ɗauka kafin a cire shi. Su zuba ƙwallayen a murfin kwano su ƙirga waken da ya tafi, sannan su baza su a kan tebur gaba ɗaya su sake ƙirgawa. Ashirin a murfi, ashirin a tebur. Wata ta yi dariya ta ce wannan ai sukarin mai shayi ne: ƙara ruwan zafi yana rage zaƙi, amma cokali biyun da ya zuba suna nan cikin kofi. Na ce ta zo allo ta faɗa wa aji, ta faɗa da Hausa, sannan muka mayar da shi Turancin jarrabawa tare, jimla-jimla.

A kan harshe ra'ayina a fili yake. Gardama da neman dalili, da Hausa suke yi a rukuninsu, ban hana ba kuma ba zan hana ba, domin yarinyar da aka tilasta wa yin tunani da harshen da take jin tsoronsa shiru za ta yi. Amma abin da ya shiga littafi da Turanci yake shiga, don mai duba takardar WAEC ba zai karɓi labarin mai shayi ba.

Sai a ƙarshe muka je lissafi, kuma ban bari an fara da ƙa'idar da suka haddace ba. Cm³ 5 na 0.05 mol/dm³ ya ƙunshi mol 0.00025 na kabonet. Kowane ɗaya yana buƙatar H⁺ biyu, wato mol 0.0005. Asid mai 0.10 mol/dm³ zai ba da wannan adadin a cikin cm³ 5. Ina ruwan da aka ƙara ya shigo a lissafin? Bai shigo ba. Da muka koma kan CaVa/CbVb = na/nb, suka gane cewa na/nb ɗin nan wake biyu ne a kan ƙwallo ɗaya.

Abin da ya biyo baya

Bayan mako uku na ba da gwaji ba tare da sanarwa ba. Tambayar ƙarin ruwa a fulas, yanzu mafi yawa sun same ta, kuma da dalili mai ma'ana, ba "babu canji" kawai ba. Amma na saka wasu biyu da ba mu yi a aji ba. Ta farko: an ɗauraye biyuret da ruwa, ba a ɗauraye shi da asid ba, aka cika shi. Ta biyu: an bar ruwa a cikin fifet aka ɗebi bes. A nan ne sabuwar matsala ta fito. Da yawa suka rubuta cewa babu abin da zai canza, domin ruwa ba ya canza adadin mol.

Wato sun fita daga wata haddar sun shiga wata. "Ruwa yana rage ƙarfi" ta tafi, "ruwa ba ya canza komai" ta maye gurbinta. Wannan bai ba ni mamaki sosai ba, don darasin da ya yi tasiri ƙwarai yakan bar jimla guda a kan ɗalibi, shi kuma ya riƙa yawo da ita ko'ina. Gaskiyar ita ce ruwan da ke cikin biyuret yana tsinka asid kafin a auna shi, don haka kowane cm³ yana ɗauke da H⁺ ƙasa da yadda aka zata, sai a buƙaci asid fiye da ƙima. Ruwan cikin fifet kuma yana cin gurbin bes, kabonet ɗin da ya isa fulas ya ragu, sai asid ɗin da za a karanta ya yi ƙasa. Fulas ne kaɗai ruwa ba ya cutarwa, domin abin da ke cikinsa an riga an ƙirga shi.

Gyaran bai ɗauki lokaci ba. Muka koma kan sirinji: a tsinka asid da ruwa rabi da rabi, a ja shi, a sake yin kofi na ɗaya. Ya ci kusan cm³ 10, sirinji guda cur. Sannan na ba su tambayar da za su riƙa yi wa kansu duk inda suka ga ruwa a tambayar taitireshan: ruwan nan kafin awo ya shiga, ko bayan awo? Ita ma ana iya haddace ta, na sani, amma aƙalla ba ta amsa kanta, dole yarinya ta koma ta duba abin da ya faru a cikin kayan aikin.

Akwai abin da sirinji bai koyar ba kuma ba zai koyar ba. Bai koya wa hannun hagu riƙe famfo yayin da na dama ke juya fulas ba. Bai koyar da sa ido daidai da ƙasan lanƙwasar ruwa ba, ko rubuta karatu da lamba biyu bayan ɗigo, ko samo karatu biyu da tazararsu ba ta wuce cm³ 0.20 ba, wanda ake nema kafin a ɗauki matsakaici. Waɗannan sai da biyuret na gaske. Na koma wurin shugabar makaranta da takardun gwajin a hannu, na nuna mata amsoshin farko da na baya. Aka yi yarjejeniya: Baba zai fito da biyuret huɗu duk ranar Alhamis bayan tashi, rukuni biyu a mako, ni da shi muna tsaye, sauran kuma suna kulle don 'yan SS 3. Makon farko da ruwa zalla ake yi, a koyi cikawa da fitar da kumfar iska daga bakin famfo da karantawa. Sai wadda ta iya sakin ɗigo ɗaya tak ta tsayar ake ba ta asid da methyl orange a mako na gaba. A wannan lissafin, ajin zai zagayo kafin ƙarshen zango na uku, in ba a sami hutun da ba a shirya masa ba.